Zaɓen Gandun Namun Daji Domin Ziyara

Jama'a, in sarki ya fito mu kan ce masa, "Zaki!" In mun ga ƙato mai ƙarfi mu kan ce toron giwa ne. Sunan zaki da giwa ba ya barin bakinmu. Amma mu tambayi kanmu: a cikin ajin nan, mutum nawa ne ya taɓa ganin zaki a daji da idonsa? Mutum nawa ya taɓa ganin garken giwaye? Da ƙyar a sami ɗaya.

Kakanninmu sun gan su, gama a zamaninsu daji ya fi gari yawa. Yanzu mutane sun ƙaru, gonaki sun cinye daji, bindiga kuma ta yawaita. Namun da suka rage sun taru a 'yan wurare waɗanda a ke tsaro. Wanda ya ke son ganinsu sai ya yi tafiya. Tafiya kuwa tana cin kuɗi, tana cin lokaci, wani sa'i ma da hatsari a cikinta. Saboda haka a wannan darasi za mu koyi yadda mutum zai zaɓi inda za shi. Mu karanta a hankali. In mun tarar da kalma mai wuya, mu tsaya mu tambayi malam.

1. Mene ne gandun namun daji?

Kowa ya san gandu. Gandu shi ne babbar gonar gida wadda ba a rabawa. Ta kowa ce, kowa kuma yana ci daga rumbunta. To, haka gandun namun daji ya ke. Daji ne wanda hukuma ta keɓe, ta sa masa doka. Ba a noma a cikinsa, ba a kiwo, ba a saran itace, ba a sa wuta, ba a farauta. Dukiya ce ta jama'ar ƙasa duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Kada mu haɗa shi da gidan namun daji irin na Kano ko na Jos. A can dabba tana cikin keji, a na kawo mata abinci. A gandu kuwa dabba ce mai gida, mutum shi ne baƙo. Tana kiwo inda ta ga dama, tana ɓuya sa'ad da ta ga dama. Babu mai iya yi maka alkawari cewa lalle za ka ga zaki yau.

A ƙasar Amurka aka fara keɓe irin wannan babban gandu na ƙasa, cikin shekarar 1872. A Afirka ta Kudu aka kafa gandun Kruger a 1926. Kenya ta kafa nata na farko a bakin birnin Nairobi a 1946. A nan wajenmu aka keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962.

Turawa suna kiran tafiyar kallon namun daji safari. Ba kalmarsu ba ce. Sun aro ta daga harshen Sawahili na Afirka ta Gabas, su kuma Sawahilawa sun samo ta daga Larabci, inda ta ke nufin tafiya. Mu ma daga can muka samo tamu kalmar, watau safara. Da, safari tafiyar farauta ce. Bature ya kan zo da bindigogi da 'yan dako, ya harbe giwa ya cire haure. A 1977 Kenya ta hana wannan farauta. Yau galibin masu safari kallo su ke zuwa yi, su ɗauki hoto, su bar dabba da ranta.

Gandaye suna da yawa, ba kuwa iri ɗaya su ke ba. Kafin mu zaɓi ɗaya, akwai tambayoyi huɗu da za mu yi wa kanmu.

2. Tambaya ta farko: wace dabba mu ke son gani?

Mai neman kifi ba ya zuwa kasuwar shanu. Kowane daji da irin namunsa. Bari mu fara da na kusa.

Yankari yana cikin ƙasar Bauci, wajen Alkaleri. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Murabba'in kilomita shi ne fili mai tsawon kilomita 1, faɗi kilomita 1. Kogin Gaji ya ratsa ta cikinsa. Yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka fi saura a Nijeriya. Akwai ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da mugun dawa, da gwaggon biri barkatai. A ruwa akwai dorina da kada. Zakoki kaɗan ne ƙwarai suka rage, da wuya a gan su. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ya ke fitowa daga gindin dutse, garau, da ɗumi, rani da damina ɗuminsa ɗaya. Baƙi su kan yi wanka a ciki. Amma babu raƙumin dawa a Yankari, babu karkanda.

Mai son raƙumin dawa sai ya dubi ƙasar Nijar. A Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, akwai ragowar raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma. Suna kiwo a tsakanin gonakin mutane, suna cin ganyen ƙaya. A 2018 aka ɗebi 8 daga cikinsu aka kai dajin Gadabeji a ƙasar Maraɗi, don kada duka su kasance wuri ɗaya.

A arewacin Gana akwai gandun Mole, kusa da garin Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa. Abin da ya sa Mole ya yi suna shi ne, a can mutum ya kan shiga daji da ƙafa, mai gadi da bindiga yana gaba, har a kai shi inda zai hangi giwaye a bakin tafki.

A kudu maso gabashin Cadi akwai Zakuma, wanda aka kafa a 1963. Yana da giwaye, da ɓauna dubbai, da raƙuman dawa, da zakoki, da tsuntsaye jingim.

Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, shi ne gandun ƙasa mafi faɗi a Nijeriya. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da rafuffuka. A can ne Cappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Akwai manyan birai baƙaƙe marasa wutsiya, waɗanda a ke kira cimfanzi. Wuri ne na mai ƙarfin ƙafa, ba na mai son zama a mota ba.

Mai son tsuntsaye kuwa, ga fadamun Haɗejiya da Nguru, da tafkin Dagona a ƙasar Bade. Da sanyi ya kama a ƙasar Turai, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye su kan ƙetare teku da hamada su sauka a nan. Ba su komawa sai sanyin can ya wuce.

To, yanzu na nesa. Akwai namun da ba za mu same su a dajin Afirka ta Yamma ba ko kaɗan. Jakin dawa mai zane fari da baƙi ba ya nan. Karkanda da akwai ta, na ƙarshe suna arewacin Kamaru, amma a 2011 masana suka tabbatar cewa irin tamu ta ƙare ƙaf. Mai son ganin waɗannan sai ya tafi Afirka ta Gabas ko ta Kudu.

A Tanzaniya akwai Serengeti, wanda aka kafa a 1951. Fili ne fetal na ciyawa, ya fi Yankari sau shida. A can akwai wata dabba mai jiki kamar gwanki, kai kamar ɓauna, mutanen wurin suna kiranta nyumbu. Sun fi miliyan ɗaya. Kowace shekara su kan yi ƙaura tare da jakunan dawa, suna bin ruwa da sabuwar ciyawa, kamar yadda Fulani su ke yi da shanu, sai dai su ba su da makiyayi. Zaki da kura suna biye da su. Su kan ƙetare kogin Mara, inda kadoji su ke jira, su shiga dajin Masai Mara na Kenya, sa'an nan su juyo.

Kusa da Serengeti akwai Ngorongoro. Wani ƙaton kwari ne mai kama da ƙwarya, bakin tsohon dutse mai aman wuta wanda ya rufta. Zurfinsa kamar mita 600. A cikinsa a kan ga zaki da karkanda da giwa a yini ɗaya. A Kenya kuma akwai Amboseli, inda giwaye su ke kiwo, dutsen Kilimanjaro yana bayansu da ƙanƙara a kansa. Gandun Nairobi yana da zaki da karkanda da raƙumin dawa, a na hangen benayen birni daga cikinsa, amma ba shi da giwa.

Mafarautan da sun ware dabbobi biyar, suka ce su ne masu wuyar farauta: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Har yau a na kiransu manya biyar. Kruger na Afirka ta Kudu yana da su duka.

Ashe ke nan, in mutum ya ce giwa ya ke so, ba sai ya hau jirgi ba. In kuwa ya ce karkanda, to, tafiya ta yi nisa.

3. Tambaya ta biyu: wane lokaci za mu tafi?

Wannan ita ce tambayar da mutane suka fi mantawa, ita ce kuwa ta fi ɓata tafiya.

Mu manoma mun san daji da damina. Ciyawa ta fi mutum tsawo, itatuwa sun rufe, ruwa yana kwance ko'ina. Dabba ba ta bukatar zuwa kogi, sai ta watsu cikin daji. Mutum zai yi yawo yini guda bai ga kome ba sai biri. Hanyoyi kuma sun yi taɓo, mota tana kafewa. Zakuma ma ruwa ya kan malale shi da damina, baƙi ba su shiga sai rani.

Da rani kuwa ciyawa ta bushe, ganye ya kakkaɓe, ido yana kai wa nesa. Ƙananan tafkuna sun ƙafe. Babbar giwa ta kan ci ganye da ciyawa kamar kilo 150 a yini, watau buhu ɗaya da rabi. Ta kan sha ruwa fiye da lita 100, watau garwa biyar ko shida. Dabba mai irin wannan ƙishirwa ba ta nisa da kogi. Don haka a Yankari, daga Janairu zuwa Afrilu, namu su kan gangaro kogin Gaji. Haka a Mole, haka a Zakuma. Da bazara zafi ya yi tsanani, amma a lokacin ne a ke ganin namu sosai. Mai tsufa ko mai ƙananan yara gara ya zaɓi lokacin hunturu.

Amma fa mu lura, ranin wata ƙasa ba shi ne ranin wata ba. A Kenya da Tanzaniya babban ruwa ya kan sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙarami kuma wajen Nuwamba. Raninsu daga Yuni ne zuwa Oktoba. Ƙetaren kogin Mara ya kan faɗo tsakanin Yuli da Oktoba. A Kruger ma rani da sanyi daga Mayu ne zuwa Satumba.

Mu duba waɗannan watanni da kyau. Yuni, Yuli, Agusta, Satumba: lokacin shuka ne a wajenmu, da noman farko, da maimai, da huɗa. Wane manomi ne zai bar gonarsa cikin Agusta ya tafi kallon nyumbu? Lokacin Yankari kuwa ya zo daidai da hutunmu. An kai amfani gida, an sayar da gyaɗa da auduga, hannu yana da ɗan abu. Manomin da ya ce lalle sai Serengeti, to, ga dabara. Wajen Fabrairu nyumbu su kan taru a kudancin gandun su haihu, 'yan maruƙa dubbai a kowace rana. Wannan lokaci ba ya taɓa aikin gona.

Yini ma yana da lokacinsa. Namun daji su kan fito da sassafe da kuma la'asar sakaliya. Da rana tsaka suna kwance a inuwa. Wanda ya isa da azahar ya juyo kafin la'asar, ya ga itatuwa kawai.

4. Tambaya ta uku: hanya lafiya?

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan. Dajin da ya ɓoye giwa yana iya ɓoye mugun mutum. Dajin Sambisa na Borno da gandun namun daji ne, daga baya ya zama maɓoyar 'yan Boko Haram. A 2013 aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya, mutum 7, bayan sun ziyarci gandun Waza a arewacin Kamaru. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, cikinsu har da direba da jagora 'yan Nijar. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, da gandun Kainji, da babban gandun nan na iyakar Nijar da Binin da Burkina Faso wanda a ke kira da sunan harafin W, duk sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun da suka biyo bayan 2015.

Halin hanya ya kan sāke. Wadda ta ke lafiya bara, bana ta yiwu ba lafiya. Wadda ta ɓaci, ta yiwu ta gyaru. Saboda haka kada mu dogara ga labarin bara, ko ga hoto mai kyau da muka gani a waya. Mu tambayi ofishin gandun. Mu tambayi direbobin tasha masu bin hanyar kullum. Mu saurari rediyo. Matambayi ba ya ɓata. In amsa ta zo da shakka, a fasa, a zaɓi wani wuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lafiyar jiki ma tana ciki. A tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi. A sha ruwa mai tsabta. Wasu dazuzzuka suna da tsando, ƙudan nan mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu. Tsando yana son baƙin tufa da shuɗi. To, a bar rigar shuɗi a gida, a sa mai launin ƙasa. Farar riga kuma namu su kan hange ta tun daga nesa.

5. Tambaya ta huɗu: guzurinmu nawa ne?

Daidai ruwa, daidai tsaki. Kuɗin tafiya kashi huɗu ne: kuɗin mota, kuɗin shiga, kuɗin masauki da abinci, da kuɗin jagora da motar zagaya daji. A tambayi kowanne kafin a tashi, a rubuta, a tara. Ga amfanin karatu da lissafi.

Tafiyar Yankari ba ta bukatar fasfo. Daga birnin Bauci a kan bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a ratse zuwa ƙofar gandu a Mainamaji. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sauran kamar kilomita 40. Mutanen ƙauye ɗaya suna iya yin adashi, su ɗauki shatar mota ɗaya, kuɗi ya yi sauƙi.

Tafiyar Kenya ko Tanzaniya ko Afirka ta Kudu kuwa sai da fasfo, da kuɗin jirgin sama, da katin allurar shawara, da iznin shiga ƙasa in a na bukata. A manyan gandayen Afirka ta Gabas baƙo ya kan biya kuɗin shiga da dalar Amurka, kowace rana da nata, ya kuma fi na ɗan ƙasa nesa. A Kruger akwai hanyoyi masu kwalta, mutum yana iya tuƙa mota da kansa, ya kwana a tanti, ya dafa abincinsa. Wannan yana rage kuɗi.

Ga wata shawara. Kwana uku a gandu ɗaya ya fi kwana ɗaiɗai a gandu uku. Mai yawan tsalle ya kan ƙarar da kuɗinsa a kan hanya. Wanda ya zauna wuri ɗaya yana da safiya uku da yamma uku. In bai ga giwa yau ba, ya gani gobe.

6. Misali uku

Ga wani manomi a ƙasar Gombe. Yana son 'ya'yansa su ga giwa. Ya sayar da wake, yana da kuɗi kaɗan, ba ya da aiki sai ruwa ya sauka. Wace dabba? Giwa. Wane lokaci? Fabrairu ko Maris. Hanya? Ya tambaya a tasha. Guzuri? Na kwana biyu. Amsarsa Yankari.

Ga wani ɗan kasuwa mai zama a zangon Kumasi. Shi ma giwa ya ke so. In ya ce sai Yankari, zai ƙetare ƙasashe ya ɓata kwanaki. Mole yana cikin ƙasar da ya ke zaune, mota za ta kai shi. Amsarsa Mole, da rani.

Ga wata malamar asibiti. Ta yi shekaru tana tari, burinta ta ga jakin dawa da karkanda. Hutunta cikin Agusta ya ke. A watan nan Yankari ciyawa ce kawai, ba ya kuwa da dabbobin da ta ke so. Amsarta Kenya: ta kwana ɗaya ta ga karkanda a gandun Nairobi, sa'an nan ta wuce Masai Mara.

Mun ga ke nan, babu gandun da ya fi kowane ga kowa. Tambayoyin nan huɗu su ne su ke yanke hukunci.

7. Ladabin baƙo a daji

In mun isa, ga dokoki. Mu riƙe su, gama rai a ke tsarewa da su.

Mu bi maganar jagora. Ya fi mu sanin dajin.
Kada mu sauka daga mota sai ya ce mu sauka.
Mu yi shiru. Surutu da rediyo suna korar namu.
Kada mu shiga tsakanin giwa da ɗanta, ko tsakanin dorina da ruwa.
Kada mu ba gwaggon biri abinci. In ya saba sai ya koma ƙwace, har ya shiga ɗaki. A rufe ƙofa da taga.
Kada mu yar da guntun taba ko ashana. Wutar rani ba ta da linzami.
Kada mu shiga da bindiga, ko tarko, ko kare.
Kada mu sayi haure, ko fata, ko naman daji a bakin gandu. Mai saye shi ne ya aiki mai harbi.

8. Ina ruwanmu?

Watakila wani a cikin aji zai ce, "Ni ban da kuɗin yawo, ina ruwana da giwa?" Wani kuma mai gona a bakin gandu zai ce, "Giwa ai ɓarna ce, a dare ɗaya ta kan tattake dawar shekara." Wannan kuka gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. A na neman dabaru. A Kenya an gane giwa tana tsoron ƙudan zuma. Manoma su kan rataya amya a jere a gefen gona, su haɗa su da waya. In giwa ta taɓa waya, zuma ta tashi, giwa ta gudu. Mai gona ya tsare hatsinsa, ya kuma sami zumar sayarwa.

Mu kuma tuna, giwa ta kan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya. Abin da bindiga ta kashe a mako ɗaya, shekara ashirin ba ta mayar da shi. A Zakuma giwaye sun fi 4,000 a 2002. Masu neman haure suka faɗa musu, kafin 2010 saura kamar 450. A shekarar nan aka gyara tsaro, aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan kewaye. Kisa ya ragu ƙwarai, giwaye suka koma haihuwa, suka haura 500. Raƙuman dawa na Kure a 1996 saura kamar 50. Aka hana kashe su, mutanen wurin suka zama jagorori suna samun abinci ta wurinsu. Kafin 2020 sun wuce 600. Karkandarmu kuwa ba ta sami wannan gata ba, ta tafi ke nan.

Ga inda baƙo ya ke da amfani. Kuɗin da ya biya a ƙofa yana taimakon aikin tsaro. Direba ya samu, mai abinci ya samu, mai sayar da tabarma da kwando ya samu. In mutanen kewaye suna cin amfanin giwa mai rai, su ne za su fara hana a kashe ta. Gandun da ba mai zuwa, hukuma ta kan manta da shi, mafarauta da masu gawayi su gaje shi. Saboda haka in dama ta samu, mu fara da na kusa da mu. Mu tafi da rani, mu tambayi hanya, mu tafi da yara. Gani ya kori ji.

Sababbin kalmomi

Mu karanta su da ƙarfi, sa'an nan mu rubuta kowace sau uku: gandu, safari, jagora, maɓuɓɓuga, murabba'i, karkanda, nyumbu, tsando, fasfo, adashi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gandun namun daji da gidan namun daji?
2. Faɗi tambayoyi huɗu da za mu yi kafin mu zaɓi gandu.
3. Don me a ke ganin namu da rani fiye da damina?
4. Wane kogi ne ya ratsa Yankari?
5. Wace dabba ce a ke zuwa gani a Kure?
6. Don me watan Agusta bai dace da manomi ya tafi Masai Mara ba?
7. Wane launin tufa ne tsando ya ke so?
8. Yaya manoman Kenya su ke korar giwa daga gona?

Lissafi

1. An kafa Kruger a 1926, an buɗe Yankari a 1962. Shekara nawa ne tsakani?
2. In giwa ɗaya tana shan lita 100 a yini, lita nawa giwa 12 za su sha?
3. In giwaye 4,000 suka koma 450, nawa aka rasa?

Aikin rubutu

Kowa ya tambayi wani tsoho a unguwarsu sunayen namun dajin da ya gani a ƙasarmu sa'ad da ya ke yaro. A rubuta sunayen a jere. A sa alama a gaban waɗanda har yanzu a ke gani. A kawo wa malam ran aji mai zuwa, mu karanta tare.